Daga Kufena Zuwa Kwoi: Tarihin Matsin Da Ke Ƙarƙashin Ƙafafunmu

Lahadi 11 ga Satumba 2016 jajiberin Babbar Sallah ce. A Sabon Gari ana cinikin ragunan ƙarshe, teloli sun kwana ba su runtsa ba, motocin Samaru kuwa sai lodin masu tafiya gida suke yi. Ana cikin haka saƙonni suka fara shigowa wayoyinmu, wai ƙasa ta motsa a Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna. Mutane sun ji ruri daga ƙarƙashin ƙasa kamar tsawa, bangwaye sun tsattsage, jama'a sun fito waje a firgice. Washegari ranar Sallah abin ya sake dawowa.

Da yawanmu dariya muka yi, muka ce labarin intanet ne. Tun muna firamare aka nuna mana cewa girgizar ƙasa ta mutanen Japan da Turkiyya ce, mu namu rabon fari ne da ambaliya. Amma na'urorin Cibiyar Nazarin Motsin Ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi sun kama motsin, an kuma auna ƙarfinsa wajen maki 3. Ba a rasa rai ba. Tsakanin Kwoi da Zariya bai kai kilomita 200 ba idan aka miƙe, kuma shimfiɗar dutsen da ke ƙarƙashinsu ita ce ke ƙarƙashinmu. Wanda yake son ya fahimci abin da ya faru a Kwoi ba sai ya yi nisa ba. Ya hau Dutsen Kufena ya duba abin da yake takawa.

Dutse ma yana lanƙwasa

A idonmu dutse abu ne da ba ya ji ba ya gani. A wurin masana ilimin ƙasa kuwa, halinsa bai bambanta da na karan dawa ko ƙarfen maƙeri ba. Ƙarfi iri uku ne ke aiki a kansa: mai matse shi daga gefe biyu, mai jan sa ya raba, da mai tura sashe ɗaya gabas ɗaya yamma, kamar yadda ake murza tafin hannu. Shi kuma amsa uku yake bayarwa.

Ɗauki kara ka ɗan lanƙwasa shi ka saki, zai koma yadda yake. Dutse ma haka yake yi idan matsin bai yi yawa ba: yakan ɗan tanƙwaru, ya riƙe ƙarfin a jikinsa. Ka ci gaba da lanƙwasa karan, zai karye ɓaras, har ka ji zafin a hannunka. Wannan ce amsa ta biyu. Ta uku sai a maƙera ake ganin ta. Ƙarfen da ya yi ja a wuta yana bin masaba duk inda ta kai shi, ya lanƙwashe ya zauna a haka, ba ya komawa ba ya karyewa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa dutse tun yana da zafi.

Zurfi ne ke raba gardama. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. A sama-sama dutse sanyi gare shi, idan aka matsa masa karyewa yake yi. Idan aka wuce kilomita 10 zuwa 15, zafi da nauyin abin da ke bisansa sukan sa ya riƙa miƙewa yana naɗewa a hankali, cikin dubban shekaru, kamar alewar da ake ja. Shi ya sa mafi yawan girgizar da ke faruwa a tsakiyar nahiyoyi daga wannan sashe na sama take tasowa.

Shekara miliyan 600

Zariya na zaune ne a kan abin da masana ke kira tsohon harsashin Najeriya, wato duwatsun da suka girmi duk wani dutse mai yashi ko laka da ke ƙasar. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, wani tsohon ɓangaren nahiya mai tauri, wanda a yau yake ƙarƙashin su Mali da Burkina Faso da yammacin Ghana, ya yi karo da ƙasashen da ke gabashinsa. Tekun da ke tsakaninsu ya rufe. Yankinmu ne ya faɗa tsakiya, aka matse shi kamar ƙarfe tsakanin masaba da uwar maƙera. Manyan tsaunuka suka tashi, duwatsun da ke ƙarƙashinsu suka yi zafi suka naɗe, wasu suka narke. Wani masani a Jami'ar Leeds ta Ingila, W. Q. Kennedy, shi ya raɗa wa wannan zamani suna a 1964, sunan da ke nufin abin da ya game Afirka duka, domin ya ga alamarsa a sassa da yawa na nahiyar. Layin da ya bi ta kanmu ya taso daga tsaunukan Hoggar na Aljeriya, ya ratsa Abzin, ya sauko Najeriya, ragowarsa kuma tana arewa maso gabashin Brazil, don a lokacin babu tekun Atlantika a tsakani.

Tsaunukan nan sun tafi. Ruwa da iska sun cinye su cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru, abin da muke takawa a yau saiwarsu ce. Idan rani ya yi, ka sauka bakin Kubanni ko wani kwazazzabo a bayan Samaru inda dutse ya fito fili. Za ka iya cin karo da dutse mai ratsi-ratsi, fari da baƙi, ratsin ya karkace ya naɗe kamar an tattaro zane. Wannan naɗin ya faru ne a can ƙasa, lokacin da dutsen yake da laushin ƙarfen maƙera.

Kufena kuwa, da 'yan'uwansa irin su Madarkaci da Tukur-Tukur, daga narkakken dutsen suka fito. Narkakken ya kutsa tsakanin duwatsu masu ratsi, ya tsaya a zurfin kilomitoci, ya huce sannu a hankali. Ka dubi jikin Kufena da kyau za ka ga manyan ƙwayoyi masu haske a warwatse cikinsa. Sai an daɗe ana hucewa ƙwaya ke girma haka. Akwai kuma wata alamar: yadda falalen dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa. Dutsen da ya saba da nauyin kilomitoci a kansa, da aka sauke masa kayan sai ya ɗan buɗe, ya tsage daidai da fuskarsa. Ashe sauke matsi ma yana fasa dutse.

Kakanninmu sun ga amfanin waɗannan duwatsu tun kafin a san shekarunsu. Tarihin Zazzau ya nuna an zauna a Turunku da Kufena, dukansu gindin dutse, inda ake samun mafaka da wurin hangen abokan gaba da ruwan da ke taruwa a ƙasan dutsen. Ana danganta ƙaura daga Turunku zuwa Kufena da zamanin Bakwa Turunku a ƙarni na 16, har yanzu kuma akwai ragowar ganuwa a kewayen dutsen.

Tsagar da ta goce

Da tsaunukan suka fara hucewa, matsin bai ƙare ba, amma dutsen ya daina lanƙwasa, ya koma karyewa. A nan ya kamata mu rarrabe tsaga iri biyu. Akwai wadda ta buɗe kawai, gefenta biyu suna nan inda suke. Akwai kuma wadda gefenta suka goce wa juna, har ratsin da ke wannan gefe ya daina haɗuwa da ɗan'uwansa na wancan gefe. Wannan ta biyun, tsaga mai gocewa, ita ce uwar girgizar ƙasa. Idan jan dutsen aka yi, gefe ɗaya yakan zame ƙasa. Idan matse shi aka yi, ɗaya yakan hau kan ɗaya. Idan kuma murza shi aka yi, sukan wuce juna a kwance.

Irin ta ukun ce ta fi shahara a yammacinmu. Masana sun bi sawun tsagar Kalangai a yankin Birnin Gwari, da ta Anka a Zamfara, da wani dogon layi da ya taso daga Ifewara kusa da Ile-Ife ya nufo Zungeru, mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci. Irin ta farko kuwa ita ta haifi kwarin Binuwai. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka da Kudancin Amurka suke rabuwa, ƙasa ta so ta tsage ta nan ma. Tsagar ta buɗe, tsakiyarta ta zauna, sai ta tsaya a haka, Atlantika ta ci gaba da faɗaɗa ita kaɗai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi waɗannan tsagogi tun a wancan zamani, ya bar jijiyoyin farar ƙanƙara masu zinare a ciki. Zinaren Birnin Gwari da Anka da Maru a kusa da su yake. Arzikin ya zo da nasa ciwon. A 2010 gubar dalma da ke cakuɗe da dutsen zinaren ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gidaje ake daka shi.

Mu a Samaru da Sabon Gari, ruwa ne rabonmu daga tsagar. Dutsen da ke ƙarƙashinmu ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan yana zama ne a rugurgujen samansa da kuma cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabta biyu za su haƙa burtsatse a layi ɗaya, wannan ya samu ruwa har yana ba 'yan garuwa, wancan ya kashe kuɗinsa ya tashi da ƙura. Na farko ya dace da tsaga, na biyu ya faɗa kan dutse lafiyayye. Masu zuwa da wayoyi da ƙusoshi suna auna fili kafin a kawo injin haƙa, tsagar suke nema.

Waɗanda suka karanta dutsen

Mamakin girgizar ƙasa ya daɗe a hannun malamai. Ibn Sina, a cikin littafinsa Asshifa, ya kawo girgiza a cikin abubuwan da ke ɗaga ƙasa su haifar da tsaunuka. Jalaluddin Suyuɗi na Misira, wanda ya rasu a 1505, ya tattara girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara a littafi guda, kuma masu binciken zamani suna komawa gare shi har gobe. Shi ne malamin da ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha.

Duwatsunmu kuwa neman ma'adinai ne ya sa aka fara rubuta su. Daga 1904 zuwa 1909 Turawan mulki sun sa an zagaya Arewa ana binciken abin da ke ƙasa, ƙarƙashin J. D. Falconer, wanda ya fitar da littafinsa a 1911. Shi ya raba duwatsun irin na Kufena da na Jos gida biyu, tsofaffi da matasa. Kufena na cikin tsofaffi. Na Jos da Riruwai da Dutsen Wai matasa ne, ba su fi shekara miliyan 200 da 'yan kai ba, kuma su ke ɗauke da kuza. Don a kwaso kuzar nan aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957. Sabon Garin da ya girma a gefen tashar jirgi yana da bashin dutse a kansa. An kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919, Falconer ne shugabanta na farko. Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aikin ya dawo ƙofar gidanmu. A 1970 malamanta biyu, J. B. Wright da P. McCurry, suka wallafa bayanin duwatsun Zariya da kewayenta, wanda ɗalibai ke dogaro da shi har yanzu.

Yadda tsaga ke haifar da girgiza kuwa, daga wata masifa a Amurka aka gane shi. Ranar 18 ga Afrilu 1906 girgiza ta rusa birnin San Francisco. Da aka bi layin tsagar, sai aka tarar da shingaye da hanyoyi sun rabu biyu, a wani wurin gocewar ta kai kusan mita 6. Harry Fielding Reid ya kwatanta awon filaye na shekarun baya da na bayan girgizar, ya bayyana sakamakonsa a 1910. Gefen tsaga biyu suna son wuce juna, amma sun cije. Dutsen da ke kewaye yana ta lanƙwasa a ɓoye, shekara da shekaru, yana tara ƙarfi. Ranar da ƙarfin ya rinjayi cizon, sai su fizge cikin daƙiƙu, abin da aka tara ya bazu cikin ƙasa. Karan nan ne dai da muka karya ɗazu.

Me ya taɓa tsohon mikin?

Manyan girgizar duniya suna faruwa ne a bakin faya-fayen da ɓawon ƙasa ya kasu a kansu, inda suke karo ko gogayya. Najeriya tana tsakiyar faifan Afirka, nesa da baki. Wannan ne gaskiyar da ke cikin abin da aka koya mana a firamare. Abin da aka rage shi ne, faifan ba a kwance yake ba. Tsakiyar Atlantika tana buɗewa da 'yan santimitoci kowace shekara, kwatankwacin tsirar farce, tana tura Afirka. A arewa kuma Afirka na dannar Turai. Matsin yana ratsa faifan gaba ɗaya, idan ya zo wucewa kuwa wuri mai rauni yake nema, kamar yadda tsohon targaɗe ke tashi lokacin sanyi. Masana da dama suna ganin tsagogin ƙarƙashin teku da ke fuskantar gaɓar Afirka ta Yamma suna miƙo matsin zuwa tsofaffin layuka irin na Ifewara da Zungeru.

Tarihin ya nuna alamun haka. Ranar 22 ga Yuni 1939 girgiza mai maki kusan 6.5 ta afka wa Accra, ta kashe mutum 17, an kuma ji ta a Legas da Ibadan da Ile-Ife. A Yuli da Agusta 1984 ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode. A 1990 an ji a Ibadan. Ranar 11 ga Satumba 2009 wata mai maki 4 da ɗoriya ta taso daga Jamhuriyar Benin ta kaɗa kudu maso yammacin Najeriya. Sai Kwoi a 2016. Sai Mpape a Abuja a farkon Satumba 2018, inda hukuma ta dakatar da fasa duwatsu na wani lokaci, aka kuma yi ta muhawara ko nakiyar masu kwari da yawan burtsatse suna da hannu. A Satumba 2024 Mpape ta sake motsawa.

Dukan na cikin gidanmu ƙanana ne. Ƙarin maki ɗaya a ma'auni yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, saboda haka girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023, mai maki 6.8, ta fi ta Kwoi ƙarfi kusan sau dubu 500. Babu dalilin da zai sa mutumin Samaru ya kwana a waje. Amma akwai labarin da ya kamata mu riƙe. Ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta afka wa yankin Koumbia a arewa maso yammacin Gini, ta kashe mutum wajen 300. Su ma a tsakiyar faifan suke, su ma a kan tsohon dutse, su ma ba su sa ran ta ba.

Abin da ya rage namu

Mu mutane ne masu riƙe tarihin wahala. Mun raɗa wa yunwa sunaye, Kakalaba da 'Yar Gusau, tsofaffi suna lissafin shekarunsu da su. Jerin motsin ƙasa da masana ke da shi na Najeriya kuwa daga shekarun 1930 ya fara. A tsakiyar nahiya, tsaga takan ɗauki ɗaruruwa ko dubban shekaru kafin ta tara abin da za ta saki. Rubutun da bai cika shekara ɗari ba ya yi gajarta a yanke hukunci da shi. Tashoshin awo a ƙasar 'yan kaɗan ne, ko da yake akwai ɗaya a Kaduna. A nan wayar da ke hannunmu tana da amfani. Ɗan abin da ke juya fuskar waya idan an karkata ta ma'aunin motsi ne, tun 2020 kuma kamfanin Google ke haɗa irinsa na wayoyin Android don gano girgiza. Ko ba wannan, wanda ya ji ƙasa ta motsa ya rubuta rana da lokaci da unguwa, da abin da ya faɗi da abin da ya tsage, ya fi wanda ya tura wa jama'a hoton wata ƙasa ya ce nan ne. Aikin Suyuɗi ke nan, kuma shekara 500 bayansa ana cin moriyarsa.

Na biyu shi ne gini. Mutanen da suka rasu a Maroko sun kusa 3,000, akasarinsu a ƙauyukan tsaunukan Atlas, ƙarƙashin gidajen ƙasa da dutse irin waɗanda muka sani. Mu kuwa gine-ginenmu suna faɗuwa ko ƙasa ba ta motsa ba. Zazzagawa ba su manta da Juma'ar 11 ga Agusta 2023 ba, ranar da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na birni, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar La'asar. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. A Samaru da Sabon Gari benaye suna ta tashi don 'yan haya da ɗalibai, kuma kowa ya san yadda ake tsuke siminti da rodi idan kuɗi sun yi kaɗan. Bango da ginshiƙi suna bin ƙa'idar da dutse ke bi: suna ɗaukar nauyi shiru, su ɗan ba da kai, su tsage, sannan su sake gaba ɗaya. Tsagar da ta bayyana a bango, musamman wadda ke ƙara faɗi ko ta bi karkace daga kusurwar taga, mai gini take kira, ba mai fenti ba.

Ɗaliban ilimin ƙasa na jami'a suna fita Kufena da guduma da kamfas, suna auna inda kowace tsaga ta fuskanta suna rubutawa. Mu ma da muke hawa yawon Sallah muna iya tsayawa mu duba. Ka nemi farar jijiyar ƙanƙara a kan falalen, ka bi ta da yatsa. Idan ka dace, za ka zo inda ta yanke a bakin wata siririyar tsaga, ka ga ragowarta ta ci gaba a ɗaya gefen, ta goce da faɗin yatsa biyu ko uku. A wurin, wata rana da babu wanda ya rubuta ta, dutsen ya taɓa motsawa.